Ma'aikatar da ba a gaya wa oga gaskiya ba ta koyon komai

Kwanakin baya na zauna a wani taron bita da aka shirya wa ma'aikatan wata hukuma. Mai gabatar da ƙasida ya haska majigi, sai ga hotunan Turawa a jere: Peter Senge, Chris Argyris, Amy Edmondson. Ya ce zamani ya canza, dole ne hukumar ta zama "ma'aikata mai koyo", kuma hanyar kaiwa ga haka ita ce a yawaita tura ma'aikata kwas. Aka yi tafi.

Ni kuwa idona na kan kujerun gaba. Daraktocin da suka zo buɗe taron sun ɗauki hoto sun tafi tun kafin a kawo shayi. Waɗanda suka rage akawuna ne da matsakaitan jami'ai, wato su ne za a koya wa yadda ma'aikata take gyara kurakuranta.

Abin ya ɓata mini rai, domin malaman da aka haska hotunan nasu ba haka suka ce ba. Sun shafe gomman shekaru suna bincike a kamfanoni da asibitoci da masana'antu, kuma babban abin da suka yi ta cin karo da shi shi ne na ƙasa galibi sun san inda matsala take, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Labarin ne ba ya hawa sama. Na sama ba sa son abin da zai kunyata su, na ƙasa sun fahimci haka, sai kowa ya kama bakinsa.

Matsayina ke nan. Duk wanda zai ambaci sunan waɗannan malamai a taro, daga kujerar oga ya kamata ya fara. Bitar da manya ba su zauna a cikinta ba asarar kuɗi ce, ko da an raba jaka da satifiket da alawus.

Malamin da ya shiga taron manya da rakoda

An haifi Chris Argyris a 1923 a Newark ta jihar New Jersey a Amurka, iyayensa 'yan asalin Girka ne. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya samu digiri na uku a Jami'ar Cornell a 1951, ya koyar a Yale shekara ashirin, sannan ya koma Harvard a 1971. Ya rasu a 2013. Bai wadatu da raba wa manajoji takardar tambayoyi ba. Yakan nemi izini ya zauna a taronsu, ya naɗi maganganunsu, daga baya ya gwada abin da suka ce sun yarda da shi da abin da suka aikata a zahiri.

Ka tambayi kowane shugaba, zai ce maka ƙofarsa a buɗe take, yana son a gaya masa gaskiya. Ka saurari kaset ɗin taronsa, za ka ji wani mutum dabam: yana gudun ragamar zance ta suɓuce masa, yana son ra'ayinsa ya yi rinjaye, yana kauce wa duk abin da zai sosa rai, kuma duk da sunan hankali da natsuwa yake yi. Argyris bai kira su maƙaryata ba. Cewa ya yi ba su ma san akwai tazara tsakanin furucinsu da aikinsu ba.

Abokin aikinsa Donald Schön falsafa ya karanta a Yale da Harvard, ya yi aiki a kamfanin ba da shawara na Arthur D. Little kafin ya zama farfesa a jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka a 1972. Tare suka fitar da littafi a 1974 da wani a 1978, kuma su ne suka yaɗa bambancin da ya fi shahara a fannin nan: koyo mai zagaye ɗaya da koyo mai zagaye biyu. Misalin da Argyris yake kawowa shi ne na'urar daidaita ɗumin ɗaki. An saita ta a digiri 68 na ma'aunin Fahrenheit. Sanyi ya yi yawa ta kunna, zafi ya yi yawa ta kashe. Tana gyara, amma ba ta taɓa tambayar dalilin saita ta a 68 ba. Ranar da ta iya wannan tambayar, ta shiga zagaye na biyu.

Ɗauki makarantar sakandare da ɗalibanta suka faɗi jarrabawar fita. Shugaban makaranta ya ƙara darasin yamma, ya sa a riƙa zuwa ranar Asabar, ya ja kunnen malamai. Baɗi aka sake faɗuwa, aka sake ƙara awa guda. Alhali duk malamin aji ɗaya ya san da yawa daga yaran da ake ɗauka ba sa iya karanta jimla, kuma ya san yadda aka yi suka samu gurbi. Amma wannan tambayar ta shafi wanda ya sa hannu a takardar ɗauka, don haka ba a tayar da ita a taron malamai. A ɗakin hutu ake yin ta, ko a bakin masallaci bayan azahar.

A wata maƙala da ya buga a mujallar Harvard Business Review a 1977, Argyris ya ba da labarin wani babban kamfani da ya yi asarar sama da dala miliyan 100 a kan wata haja kafin a dakatar da ita. Aƙalla mutum biyar sun san hajar tana cikin matsala shekara shida kafin a yanke hukuncin, manajojin masana'anta uku da jami'an kasuwanci biyu. Sun rubuta. Na tsakiya suka ga lafazin ya yi zafi, suka jinkirta, suka taƙaita, suka sassauta. Abin da ya isa teburin shugabanni ya zama labarin da ba ya hana kowa barci.

Ya zayyana yadda irin wannan shirun yake yin jijiya: a rufe matsala, a rufe cewa an rufe ta, a mayar da ita abin da ba a zancensa, sannan shi kansa rashin zancen ya zama abin da ba a zancensa. A 1991 kuma ya rubuta cewa masu kaifin basira su ne suka fi wuyar koyarwa. Ya yi nazarin matasan ƙwararru da suka fito daga manyan makarantun kasuwanci na Amurka. Tunda ba su saba faɗuwa ba, ba su taɓa koyon yadda ake ɗaukar darasi daga faɗuwa ba. Idan aiki ya lalace sai su ɗora wa abokin ciniki, su ɗora wa shugabansu, su ɗora wa tsarin kamfani. Nasu hannun ba ya fitowa a lissafi.

Waɗannan su ne irin mutanen da ke kujerun gaba a kowace ma'aikata.

"Idan aka daina hukunci ai sakaci zai yi yawa"

Wannan ce hujjar farko da ake kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Kowa ya san ma'aikacin da idan ya ga ba bulala zai miƙe ƙafa. Amma a duba abin da Amy Edmondson ta gano.

Ita injiniyanci da zane ta fara karantawa a Harvard, ta yi aiki da mashahurin mai ƙirƙira Buckminster Fuller, daga baya ta koma neman digiri na uku. A farkon shekarun 1990 ta shiga wani bincike kan kuskuren ba da magani a wasu asibitocin Amurka. Hasashenta shi ne sashen da ma'aikatansa suka fi haɗin kai da shugabanci nagari zai fi ƙarancin kuskure. Da alƙaluma suka fito sai ta ga akasi: sassan da suka fi kyau su ne suka fi yawan kuskure a rubuce.

Ba ta jefar da sakamakon ba. Ta tura wani mataimaki da bai san alƙaluman ba ya je ya zauna a sassan ya ga yadda ake aiki. Abin da ya fito fili shi ne sassan masu kyau sun fi faɗin kuskurensu. A sauran kuwa, nas ta san idan ta faɗa za a riƙe ta da shi, sai ta yi shiru, rijista ta fito fes. An buga wannan a 1996. A 1999 ta gwada tunanin a kan rukunin ma'aikata 51 a wani kamfanin ƙere-ƙere, ta nuna cewa inda mutum yake da amincin yin tambaya da faɗin kuskure ba tare da fargabar wulaƙanci ba, nan ne rukuni ya fi koyo. Shekaru bayan haka kamfanin Google ya yi nazarin rukunan ma'aikatansa kusan 180, ya tarar wannan amincin shi ne kan gaba a abubuwan da ke bambanta rukuni mai nasara.

Saboda haka shugaban asibitin da yake alfahari cewa a bana ba a samu rahoton kuskure ko ɗaya ba, ni tsoron asibitinsa nake ji. Kwalaben allura biyu masu kama da juna suna nan a durowa guda. Nas ɗin da ta ɗauki ba daidai ba jiya ta gane kafin ta yi, ta yi hamdala, ta kama bakinta don gudun takardar tuhuma. Wadda za ta ɗauka gobe ba lallai ta gane ba.

Edmondson ba ta ce a sassauta ma'auni ba. Ta sha nanata cewa wanda ya karya doka da gangan a hukunta shi. Sai dai ta ce idan ta tambayi manyan shugabanni kashi nawa na gazawar da ke aukuwa a wurinsu ne ya cancanci zargi, sukan ce 2 zuwa 5 cikin ɗari. Idan ta tambaye su kashi nawa ake ɗauka a matsayin laifi, sai su ce 70 zuwa 90. Hukuncin da ke cikin wannan tazarar ba ya rage sakaci. Koya wa mutane iya ɓoyo yake yi.

"Wannan na Turawa ne, mu muna da kunya da girmama na gaba"

Na ji wannan daga bakin mutanen da nake ganin girmansu. Suna cewa Ba'amurke yana kiran shugabansa da sunan yanka, mu kuwa sai "ranka ya daɗe", don haka binciken ba ya hawa kanmu.

To ai a cikin waɗancan masu kiran oga da sunan yanka ne aka gano cutar. Argyris maganganun manajojin Amurka ya naɗa. Edmondson ma'aikatan jinyar Amurka ta bincika. Misali mafi ciwo kuma daga hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya fito. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka mutu. A daren jajibiri injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol da ya ƙera rokar kumbon, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun yi gargaɗin cewa sanyi zai iya hana zoben roba na rokar toshe iskar wuta. Manajoji suka keɓe, suka amince a tashi.

Diane Vaughan, masaniyar halayyar al'umma, ta shafe shekaru tana bin takardun hukumar kafin ta fitar da littafinta a 1996. Abin da ta gano ya fi labarin mugun manaja ban tsoro. An daɗe ana ganin zoben yana ɗan ƙonewa a tafiye-tafiyen baya, kumbo yana dawowa lafiya, sai kowace ƙonewa ta zama hujjar cewa ba komai. A hankali abin da ya saɓa ƙa'ida ya koma shi ne al'ada. Ranar 1 ga Fabrairun 2003 kumbon Columbia ya wargaje yana dawowa, mutum bakwai suka sake mutuwa, saboda ɓallin soso da ya daki fiffikensa lokacin tashi. Shi ma an saba ganin yana ɓallewa. Kwamitin bincike ya gayyaci Vaughan ta yi aiki da shi, kuma rahotonsa ya ce halayen hukumar da suka jawo hatsarin farko ba su gushe ba. Hukumar da ta kai mutum duniyar wata ke nan, mai tarin masu digiri na uku. Ƙarancin kwas bai dame ta ba.

Idan shiru ya yi wannan ɓarna a inda ake ganin baki a sake yake, to inda yaro ba ya ɗaga ido gaban babba buƙatar kula ta ninka.

Kuma ban yarda cewa tarbiyyarmu ta hana gyara wa babba ba. Mu ne muke cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu ne muke karanta wa yara huɗubar Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa mubaya'a, inda ya nemi a taimake shi idan ya yi daidai, a miƙar da shi idan ya karkace. Ladabi yana da hanyoyinsa: a keɓe, a sassauta murya, a bi ta hannun dattijo. Abin da ladabi bai taɓa nufi ba shi ne ka ga rami a gaban mutum ka ce masa "haka ne, yallaɓai".

"Shekara talatin ina wannan aiki"

Wannan hujjar ta tsofaffin hannu ce, kuma James March ne ya fi kowa yi mata bayani. An haife shi a 1928, ya karanci kimiyyar siyasa a Yale, ya koyar a cibiyar fasaha ta Carnegie da ke Pittsburgh. A can ya rubuta littafi da Herbert Simon a 1958, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1978, ya kuma rubuta wani da Richard Cyert a 1963. Ya koma Stanford a 1970, ya rasu a 2018. Mawallafin waƙoƙi ne kuma, har darasinsa na shugabanci da ƙagaggun labarai yake koyar da shi.

March ya yarda gogewa tana koyarwa, amma ya ce malama ce mai ruɗi. A 1988 shi da Barbara Levitt suka bayyana wasu tarkuna. Ɗaya shi ne tarkon ƙwarewa: ma'aikata ta iya tsohuwar hanya sosai, har duk lokacin da ta gwada sabuwa sai ta ga tsohuwar ta fi, saboda ba ta ba sabuwar lokacin da hannu zai faɗa ba. Ofishin da akawunsa yake zaro fayil cikin minti biyu zai ga kwamfuta ɓata lokaci ce a watan farko, ya tattara ta ya rufe da ƙyalle.

Wani tarkon shi ne koyo na camfi, wato a jingina nasara ga abin da ba shi ya kawo ta ba. Ɗan kasuwa ya tara hatsi a shekarar da farashin komai ya yi tashin gwauron zabi, ya ci riba mai yawa, ya ɗauka basirarsa ce. Shekara mai zuwa ya ci bashi ya ninka sayayya, farashi ya karye. Darasin da ya koya na ƙarya ne, kuma nasara ce ta koya masa shi.

A 1991 March ya fitar da maƙalar da ta fi duk ayyukansa na baya-baya tasiri, kan cin moriyar abin da aka sani da kuma laluben abin da ba a sani ba. Na farko ribarsa kusa take kuma tabbas ce. Na biyu ribarsa nesa take, sau da yawa ma asara ce. Saboda haka duk ma'aikatar da aka bari da halinta za ta karkata ga na farko har ta ƙware a abin da duniya ta daina buƙata. Wani sakamako na lissafinsa da nake so mutane su riƙe shi ne, ma'aikata tana amfana da mutanen da ba su yi saurin rungumar al'adarta ba, domin daga wurinsu take jin sabon abu. Sabon ma'aikacin da yake tambayar "me ya sa muke yin haka?" shi ake fara horarwa ya yi shiru, alhali shi ne tagar da ta rage a buɗe.

Wanda ya yi shekara talatin yana da abin faɗa, a saurare shi da girmamawa. Amma a tambaye shi sau nawa cikin shekarun nan wani na ƙasa da shi ya nuna masa kuskure ya karɓa.

Ma'aikata tana mantuwa

Akwai wani ɓangare da masu bita ba sa taɓawa sam. Tun 1936 injiniya T. P. Wright ya lura cewa duk lokacin da adadin jiragen sama da aka ƙera ya ninka, aikin da ake buƙata kan kowane jirgi yana raguwa da kusan kashi 20 cikin ɗari. Aka daɗe ana ɗauka cewa ilimin da aka tara ta haka yana nan daram.

Linda Argote ta Jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinta suka koma kan bayanan jiragen ruwan dakon kaya samfurin Liberty, waɗanda Amurka ta ƙera sama da 2,700 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1990 suka nuna cewa ƙwarewar da masana'anta ta tara tana zagwanyewa idan ba a ci gaba da aiki da ita. Masana sun yi jayayya kan saurin zagwanyewar, amma batun kansa ya zauna. A 1995 suka duba shagunan fiza 36, suka ga dabara tana yaɗuwa tsakanin shagunan mai gida ɗaya, amma ba ta tsallakawa zuwa na wani mai gidan, duk da tambarinsu ɗaya ne.

Ikujiro Nonaka na Japan, wanda ya rasu a farkon 2025, ya bayyana dalili: mafi yawan abin da gwani ya sani a hannunsa yake, ba ya iya rubuta shi. Da injiniyoyin kamfanin Matsushita suka kasa ƙera injin gasa burodi mai kyau a 1985, sai da wata ma'aikaciyarsu, Ikuko Tanaka, ta je ta zama 'yar koyo a wurin babban mai burodi na wani otal a Osaka, ta lura da yadda yake murɗa ƙullu yana ja, sannan aka kwaikwayi hakan a cikin injin.

A auna wannan da yadda ake canza wa jami'i wurin aiki cikin dare, ya bar makulli da takardar miƙa aiki mai shafi ɗaya. Ko a auna shi da masana'antun saƙa na Kaduna, da ta farkonsu ta fara aiki a 1957. Ko gobe aka kawo jari da wutar lantarki, mutanen da suke gane lafiyar inji daga ƙararsa sun tsufa, wasu sun rasu, kuma ba su samu waɗanda za su miƙa wa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi

Wani zai ce: malaman nan su ma kasuwa suka buɗe. Akwai gaskiya a ciki. Littafin Peter Senge na 1990 ya sayu fiye da kwafi miliyan, kuma daga shi ne kalmar "ma'aikata mai koyo" ta zama abin liƙawa a bango. Shi Senge ɗalibin Jay Forrester ne a MIT, masanin yadda sassan tsari suke shafar juna, kuma batunsa na asali mai nauyi ne: matsalar yau sau da yawa daga maganin jiya ta fito. Amma masu tallan bita sun ɗauki take sun bar nauyin. Argyris kansa ya daɗe yana aiki da kamfanin ba da shawara na Monitor, yana koya wa shugabanninsa faɗa wa juna gaskiya. Kamfanin ya nemi kariyar fatara a 2012, kamfanin Deloitte ya saye shi. Hanyarsa ba laya ba ce, kuma shi da kansa ya ce sauya halin manya aiki ne na shekaru.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne batun iko. Malamin Harvard yana iya cewa a faɗi gaskiya. Ma'aikacin da ke mataki na takwas, mai iyali, wanda sa hannu guda zai iya jefa shi ƙauyen da ba hanya ko ya riƙe masa ƙarin girma shekara biyar, shirunsa lissafi ne mai kyau. Ban ga adalci a tara irinsa a zaure a ce masa ya yi jarumta ba. A nan ina ganin Argyris ya dogara da gyaran halin mutum fiye da kima.

Amsar da ta gamsar da ni daga harkar jiragen sama ta zo. Ranar 1 ga Disamban 1974 jirgin kamfanin TWA mai lamba 514 ya daki dutse a jihar Virginia yana shirin sauka a filin jirgin Dulles, mutum 92 suka mutu. Matuƙan sun fahimci umarnin saukowa ba yadda mai ba da umarnin yake nufi ba. Bincike ya gano cewa mako shida kafin nan matuƙan kamfanin United sun tsallake rijiya da baya a wurin, saboda irin wannan ruɗanin. Sun kai rahoto ga kamfaninsu, kamfanin ya gargaɗi nasa matuƙan, amma babu hanyar da labarin zai isa ga na TWA.

A 1976 aka kafa tsarin kai rahoto na sirri. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta gane cewa ba wanda zai kai ƙarar kansa wurin mai ikon ƙwace masa lasisi, sai ta miƙa karɓar rahoton ga NASA, wadda ba ta hukunta matuƙi. Ana cire sunan mai rahoto. Wanda ya faɗi kuskurensa cikin kwana goma, matuƙar ba da gangan ya yi ba kuma ba laifin da ya shafi kotu ba ne, ana ɗauke masa tara ko dakatarwa bisa wasu sharuɗɗa. Rahotannin da aka tara sun haura miliyan, kuma daga cikinsu ake fitar da gargaɗi ga kowa. Ba a nemi matuƙa su zama jarumai ba. An rage musu farashin faɗin gaskiya ne, kuma manya ne kaɗai ke da ikon rage shi.

Irin wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Hukumar asibitocin jiha tana iya miƙa rijistar kurakuran magani ga kwalejin koyon aikin likita, a cire sunaye, a rubuta a dokar aiki cewa wanda ya kai rahoton kuskuren da ba na ganganci ba cikin mako guda ba za a ba shi takardar tuhuma ba. Duk wata uku a karanta abin da aka tara a gaban shugabannin asibitoci, kowannensu ya faɗi abin da ya sauya a sashensa. Ma'aikatar ilimi ko ta ruwa ma za ta iya yin haka. Sharaɗin guda ne: mai karɓar rahoton kada ya zama mutumin da ke sa hannu a takardar canjin wurin aiki.